Neman Aure Ga Wanda Ba Ya Cin Nama

(Taken shiri)

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Tudun Wada baki ɗaya, tun daga hanyar Hill Station har can gefen Gandun Namun Daji, da maƙwabtanmu na Kabong da Jenta da Hwolshe, da duk wanda muryar nan ta iske shi a gida ko a shago ko cikin keke. Iyayenmu mata, ku matso kusa da rediyo, don zancen yau na 'ya'yanku ne, kuma akwai rabonku a ciki.

Kowa ya san al'adar garin nan namu na Jos. Saurayi in zai je zance ba ya son zuwa hannu rabbana. Sai ya biya ta wurin mai tsire, a yanka masa, a barbaɗa yaji, a zuba albasa da kabeji, a naɗe a takarda. In aljihu ya yi nauyi, kaza ce gasasshiya ko kifi. Da wannan ƙunshin yake nuna wa yarinya ya damu da ita, da shi kuma ƙannenta suke auna shi. To idan yarinyar ba ta cin nama fa? Idan kuma saurayin ne ba ya ci, ga shi an kai shi gaban surukai an ajiye masa farfesun kayan ciki? Yaya irin waɗannan bayin Allah za su nemi abokin zama ba a wulaƙanta su ba, ba a taɓa lafiyarsu ba, kuma ba su faɗa hannun mugaye ba?

Wani zai ce a Jos ma akwai wanda ba ya cin nama da gangan? Akwai su, kuma sun fi yadda ake zato yawa, sai dai ba sa son faɗa. Akwai wanda likita ya ce ya rage ko ya bari saboda ciwon ƙoda, ko ciwon zuciya, ko kitse da ya yi yawa a jini. Akwai wadda tun tana ƙarama ƙarnin nama ke tayar mata da zuciya, an yi faɗan an yi lallashin, abin ya ƙi. Akwai na addini. 'Yan cocin Adventist, masu asibitin nan na Jengre a ƙaramar hukumar Bassa, cocinsu na ƙarfafa mabiya su fi karkata ga hatsi da ganye, ko da yake ba a tilasta wa kowa. 'Yan Katolika suna barin nama ranar Larabar Toka da kowace Juma'a cikin azumin kwana arba'in kafin Ista. A wajen Musulmi ma an san masu shiga halwa da ke ƙaurace wa mai rai da abin da ya fito daga mai rai har su kammala wuridinsu. Sai kuma sabon rukuni, galibi matasa masu karatu, waɗanda tausayin dabbobi ko kishin muhalli ya sa suka ajiye nama. A cikinsu wasu suna shan nono suna cin ƙwai, wasu kuwa ko man shanu da zuma ba sa taɓawa. Masu irin wannan ra'ayi sun kafa ƙungiya a Ingila tun 1847, masu barin har nono da ƙwai suka kafa tasu a 1944, kuma a 2013 aka buɗe gidan abinci na farko irin nasu a Legas, mai suna Veggie Victory.

Idan akwai garin da mutum zai rayu lafiya lau babu nama a Najeriya, to garinmu ne. Mu leƙa kasuwar Farin Gada da sassafe mu ga kabeji da karas da latas da koren wake da tattasai ana loda wa manyan motoci zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Dankalin turawan da ƙasar nan ke ci, mafi yawansa daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi yake fitowa. Ga acca, ga tamba, ga wake, ga waken suya da ake awara da shi. Abinci dai Allah ya hore mana. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin mutane. Yarinya ta ce ba ta cin nama, sai a ce iyayi ne, ko a ce aljanu ne suka hana ta. Saurayi ya faɗa, sai a ce rowa ce, ko talauci yake ɓoyewa, ko kuma a fara raɗe-raɗin ya shiga ƙungiyar asiri. Tsoron wannan surutu ne ke sa da yawa su yi gum, su karɓi ƙunshin tsire da murmushi su miƙa wa ƙanne a ɓoye, a yi wata shida ana zance saurayi bai sani ba.

'Yammata da samari, shawarata ta farko ita ce ku faɗa da wuri. Kada ku bari sai an sa rana. Tun a zuwa na farko ko na biyu, cikin ladabi, ki ce: "Na gode ƙwarai da wannan ɗawainiya, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ina so ka sani, ni ba na cin nama. Zan ba su Mama su sa albarka." In yana son jin dalili, ki gaya masa gwargwadon abin da kika ga ya dace. Ba dole ba ne ki zayyana masa tarihin rashin lafiyarki a ranar farko.

Daga nan sai ki zuba ido ki ga abin da zai yi da maganar, don a nan ne gundarin shirinmu na yau yake. Wani zai ce, "Ashe haka ne? To me kike so in riƙa kawo miki?" Washegari ya zo da ayaba da lemo ko gasasshiyar masara. Wani zai yi dariya ya ce, "Haba, ɗan yanka ɗaya fa, don girman Allah." Ki ce a'a, ya sake. Ki sake cewa a'a, ya ɓata rai, ya ce kin raina kyautarsa. Wani ma yakan wuce nan: ya sa a zuba miki romon nama cikin shinkafa, sai kin gama ci ya tafa hannu ya ce, "Ga shi kin ci, kin mutu?" Ina roƙonku kada ku ɗauki wannan a matsayin wasa. Mutumin da kika ce masa a'a a kan abin da zai shiga cikinki, ya ga a'ar taki ba komai ba ce, ya bi ta bayan fage ya yi abin da yake so, ya riga ya nuna miki yadda zai yi da a'arki a kan kuɗinki, da karatunki, da jikinki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka nan kai saurayi, in budurwa ta mai da kai abin dariya a gaban ƙawayenta don ba ka cin nama, ka san irin rufin asirin da za ka samu a gidanka.

Kuma wannan ɓoye abu cikin abinci yana iya kai mutum asibiti. Mai ciwon ƙoda da likita ya auna masa abin da zai ci, ba a yi masa gwaji da lafiyarsa. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya ɗaukar wasu abubuwa sam, kamar gyaɗa ko kifi ko kirefish ko ƙwai. Da sun ci sai borin jini, leɓe ya kumbura, wani maƙogwaro ya toshe numfashi ya gagara cikin 'yan mintuna. Yajin tsire kuwa da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Duk wanda ya ga abokin hirarsa ya fara kumburin fuska ko numfashi na yi masa wuya bayan cin abinci, to asibiti za a nufa nan take, ba a tsaya neman manja ko jiƙo ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan neman aure ga waɗanda ba sa cin nama. Yanzu za mu shiga ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali.

Wanda yake jin shi kaɗai ne irinsa a unguwa, yana cikin kewa. Ya gaji da bayani, ya gaji da zolaya. Sai ya buɗe waya. A Facebook da Instagram da WhatsApp akwai zaurukan masu irin ra'ayinsa, har ma akwai manhajojin haɗa soyayya da aka yi musamman don marasa cin nama, irin su Veggly. Ke yarinya, rana ɗaya sai ga saƙo daga wani: shi ma ba ya ci, shi ma danginsa ba su fahimce shi ba, shi ma ya daɗe yana neman irinki. Zuciyar da ta daɗe ba ta samu mai jin yarenta ba, nan da nan take sakin jiki. Macuta sun san haka sarai. Ba ya ɗaukar mutum minti biyar ya karanta shafinki, ya ga hotunan abincin da kike sawa, ya dawo ya zama duk abin da kike mafarki. Cewa ba ya cin nama ba shaidar halin kirki ba ce, ko da gaskiya ya faɗa, balle kuma ba ki da hanyar tabbatarwa.

Mutanen Jos ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. Cynthia Osokogu a nan garin ta yi sakandare. Tana karatun digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, tana kuma da shagon sayar da tufafi. Wasu samari suka ƙulla abota da ita ta Facebook na tsawon watanni, suka yi mata alkawarin kaya masu rahusa, suka biya mata kuɗin jirgi zuwa Legas. A watan Yulin 2012 suka kai ta wani otal a unguwar Festac, suka zuba mata ƙwayar Rohypnol mai gusar da hankali a cikin lemon kwali, suka yi mata fashi, suka kashe ta. Shekarunta 24. A watan Maris na 2017 babbar kotun Legas ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Ita harkar kasuwanci aka yi mata tarko da ita, amma salon ɗaya ne: a nemo abin da zuciyarki ke so, a yi haƙuri har ki yarda, sannan a raba ki da idon jama'a. A farkon watan Janairun 2022 ma garin nan ya wayi gari da labarin ɗalibar Jami'ar Jos da aka tsinci gawarta a ɗakin wani masauki, bayan ta fita da wanda ta ɗauka masoyi ne. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

To ga wani tarko da ya shafi marasa cin nama su kaɗai, kuma ina so kowace yarinya ta riƙe shi da kyau. Zai ce miki: "Ai babu gidan abincin da za ki samu abin da za ki ci a garin nan, komai da nama suke yi. Ki zo gida in dafa miki da hannuna." Magana ce mai daɗin ji. Wace mace ce ba za ta ji daɗi ba a ce namiji zai shiga kicin dominta? Amma ki duba abin da maganar ta ƙunsa: ɗaki ne da ba ki sani ba, ƙofa ce da makullinta ke hannunsa, abinci da abin sha kuma an haɗa su ba a gabanki ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. In haka ne, ba zai ji haushi ba idan kika ce a bari sai gaba. In kuwa ya nace, ya fara cewa ba ki yarda da shi ba, to nacin nan kansa ya ishe ki amsa.

Kuma zancen babu abin da za a ci ba gaskiya ba ne. Ga masa da miyar taushe, ga ƙosai da kunu, ga ɗanwake da mai da yaji, ga awara, ga soyayyen dankali, ga kwaɗon zogale da na rama, ga shinkafa da wake da salak. Duk a bainar jama'a ake sayar da su, a gabanki ake zubawa. Abin da ake bukata kawai shi ne a iya tambaya, don girkinmu yana ɓoye nama a inda ba a zato. Gwaten acca da muke alfahari da shi, yawanci da ƙashi ake dafa shi. Miyar kuka da ta kuɓewa akan sa musu busasshen kifi ko ganda. Alale akan sa masa ƙwai ko kifi ko garin kirefish. Shinkafa dafa-duka da romon kaza ake tayar da ita. Dunƙulen magi ma akwai mai ɗanɗanon kaza. In kika ce wa mai abinci "ban da nama", abin da za ta yi shi ne ta tsame tsokar ta ba ki miyar. Sai ki ce: "Mama, don Allah miyar nan da romon nama ko kifi aka yi ta?" Za ta gaya miki gaskiya, don ita ma ba ta son a ce abincinta ya cutar da wani.

Game da wurin haɗuwa, ni dai har gobe ban ga abin da ya kai tsarin iyayenmu ba: ya zo ƙofar gidanku, ko zaure, ko falo, a gan shi, ya gaida manya, a san ɗan gidan wane ne. Yara suna ganin wannan tsohon yayi ne, amma mai mugun nufi babu abin da yake gudu kamar a san fuskarsa da sunan mahaifinsa. In kuwa ke ɗaliba ce a hostel ko ma'aikaciya mai zaman kanta, iyaye suna nesa, to a haɗu da rana tsaka a inda mutane suke. Ga Gandun Namun Daji nan a bayanmu, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Ga gidan tarihi da gidan zu a tsakiyar gari, ga wurin shaƙatawa na Solomon Lar. Ko a gandun ma, a zauna inda iyalai da ma'aikata suke kai-kawo, kada a bi sawu cikin itatuwa don neman wurin da babu kowa. Duwatsun Shere da magangarar ruwan Assop wurare ne masu kyau ƙwarai, amma na zuwa cikin ayari ne, ba na mutum biyu da suka san juna jiya a waya ba.

Kafin ranar, ki kira shi kiran bidiyo ki ga fuskar ta yi daidai da hoton. Ki san cikakken sunansa, da inda yake aiki ko karatu, da cocin ko masallacin da yake zuwa, ki sa yayanki ko kawunki ya bincika. Jos ba ta da girman da za a rasa wanda ya san wani. Ki gaya wa mutum ɗaya a gida inda za ki da lokacin dawowa, ki tura masa lambar saurayin da hotonsa, ki kunna abin nan na WhatsApp da ke nuna inda mutum yake. Ki je da ƙawa in da hali. Ki riƙe kuɗin kekenki na zuwa da dawowa, kada komawarki gida ta rataya a aljihunsa ko a motarsa. Abin sha a buɗe shi a gabanki, in kin tashi kin bar shi kada ki dawo ki ƙarasa. In kika ji jiri ko barci ya taso miki ba dalili, kada ki ji kunya, ki ɗaga murya ki kira ma'aikatan wurin ko wata mace da ke kusa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, kuma kyauta ce.

Akwai kuma abin da mu mutanen Jos muka sani ba sai an faɗa ba. Tun rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 unguwanninmu suka rarrabu, kuma ko da yake an samu sauƙi sosai, jita-jita ɗaya tana iya sa gari ya rikice cikin awa guda. Saboda haka duk wanda za shi zance wata unguwa da ba a san shi ba, namiji ko mace, ya je da wuri ya dawo kafin duhu, ya kuma tabbata akwai wani babba a can da ya san da zuwansa.

Samari, kada ku ce wannan faɗakarwar ta mata ce. Ana buɗe shafi da hoton kyakkyawar yarinya, a ja saurayi zuwa wani lungu, ya tarar da ƙarti suna jiransa, a ƙwace waya a kwashe kuɗin asusu. Ana kuma lallaɓar mutum ya tura hoton tsiraicinsa, daga baya a ce ya biya ko a watsa. Abin ya yi yawan da a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan sana'a. Kada ka tura, kada ki tura, komai daɗin bakin mai roƙo. In kuma an riga an tura ana yi maka barazana, biya ba ya kashe wutar, ƙara mata mai yake yi. Ka adana saƙonnin, ka gaya wa wani babba da ka amince da shi, a kai ƙara wurin 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan. Wanda kuma ba ku taɓa haɗuwa ba ya fara roƙon kuɗin mota ko kuɗin asibitin mahaifiya, a rufe wannan babin.

(Gajeren kiɗa)

To, a ce an dace. An samu mutumin kirki, an bincika, magana ta kai gaban manya. Saura gidan surukai, kuma nan ne da yawa suke tuntuɓe. A al'adarmu, baƙon da aka yanka wa kaza an girmama shi iyakar girmamawa. Uwa ta tashi tun asuba ta yi ɗawainiya, sannan yaron da ke neman 'yarta ya ture kwanon? Ko wace uwa ce za ta ji zafi. Laifin a nan na wanda bai yi share fage ba ne. Ke da kika san gidanku, ke za ki samu Mama tun kwana biyu kafin zuwansa ki ce: "Mama, baƙon nan fa ba ya cin nama, kada ki wahalar da kanki. In kin yi masa tuwon acca da miyar ganye, ya fi masa komai." In kina jin nauyi, ki bi ta wajen gwaggo ko inna. Shi kuma in ya zo, ya ci abin da aka ba shi da kyau, ya yaba, ya yi godiya. Kuma ina jan kunnen marasa cin nama a nan: kada ka zauna a tabarmar mutane kana yamutsa fuska don suna cin abin da Allah ya halatta musu, ko ka buɗe musu wa'azi a kan wahalar dabbobi ana tsakiyar cin abinci. Girmamawar da kake nema, kai ma ana bin ka ita.

Iyayenmu, ku kuma ga nawa roƙon. Addinan da muke bi a garin nan duka biyu sun bar wa mutum sarari a kan wannan. A hadisi ingantacce an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo, bai ci ba saboda ransa bai so, amma bai haramta ba, Khalid bin Walid ya ci a gabansa. Abin da malamai suke gargaɗi a kai, bisa aya ta 87 cikin Suratul Ma'ida, shi ne mutum ya haramta abin da Allah ya halatta. Musulmin da ya bar nama don lafiya ko don ransa ba ya so, bai ce haram ba ne, kuma in yana da hali zai yi layyarsa ya rabar, bai yi laifi ba. A Littafi Mai Tsarki kuma, sura ta farko ta littafin Daniyel ta ba da labarin samarin da suka zaɓi ganye da ruwa a fadar Babila suka bar abincin sarki, sannan sura ta 14 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta hana mai ci ya raina marar ci, ta kuma hana marar ci ya hukunta mai ci. Don haka in yaro yana da addini da sana'a da mutunci, kada kwanon miya ya sa ku rufe masa ƙofa.

Sai dai kafin a ɗaura, su biyun su zauna su yi maganar da masoya ba sa son yi, wato maganar tukunya. Tukunya ɗaya za a riƙa ɗorawa ko biyu? In biyu ce, kuɗin cefane da na gas zai ɗauka? Matar da ba ta cin nama, za ta iya dafa wa miji, ko ko taɓa shi ma ba ta iyawa? In ba ta iyawa, wa zai dafa ranar Babbar Sallah ko Kirsimeti, lokacin da gida ya cika da dangi? Mijin da ba ya ci, zai riƙa sayo wa matarsa, ko zai ce tunda shi ba ya ci an rufe babin nama a gidan? Wannan na ƙarshe zalunci ne, kuma ina faɗa da babbar murya: ciyar da mace abin da ta saba ci haƙƙinta ne, ra'ayin miji ba ya soke shi. Kada kuma kowa ya shiga da niyyar "in mun yi aure zan canza ta". Da yawa sun shiga da wannan niyya, suka ƙare a gaban manya ana sasanci.

Maganar da ta fi duka nauyi ita ce ta ciki da goyo da yara. Wake da hatsi da gyaɗa da awara suna ba da sinadarin gina jiki isasshe in ana cin su yadda ya kamata. Sinadarin ayon mai ƙara jini akwai shi a wake da zogale da alayyafo, kuma jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da lemo ko tumatir, shayi kuwa yana rage ɗaukarsa in an sha shi tare da abinci. Amma akwai bitamin B12, wanda ba a samunsa a ganye ko hatsi, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. Mai shan nono da cin ƙwai yana samu. Wanda ya bar su duka, dole ne ya riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin ko abincin da aka ƙara masa shi, in ba haka ba jini yana raguwa, jijiyoyi suna lalacewa a hankali, hannu da ƙafa su fara mutuwa. Ga mai ciki da mai shayarwa abin ya fi haɗari, don ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Duk macen da ba ta cin kayan dabba, ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko, kada ta ɓoye don kunya. A asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jiha, ko Jankwano, a nemi ganin likita ko masanin abinci ya tsara mata abin da za ta ci, haka ma in an zo yaye.

Tunda kuma za a je asibitin, a haɗa da gwajin jini kafin aure: na rukunin jinin da ke nuna sikila, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta. In gwajin ya nuna mace da namiji duka AS ne, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Coci-coci da yawa a garin nan sun daɗe ba sa ɗaura aure sai da takardar gwaji, masallatai ma suna bin sawu, Jihar Kano kuwa ta mai da shi doka a 2024. Ku je tare, a ɗebi jinin a gaban juna, ku karɓi sakamakon daga hannun ma'aikacin asibiti, don takardar da aka turo ta waya kowa yana iya ƙirƙirarta.

Lokaci ya cim mana, nan za mu dakata.

(Taken rufewa)